Jinkirin biza: a ina takardu ke maƙalewa, kuma yaushe ya kamata a fara shiri?

Baban Ummi, Unguwar Dosa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar biza ciki da bai. Ɗan yayana ya gama hidimar ƙasa, ya kuma samu gurbin digiri na biyu a fannin injiniya a wata jami'a da ke arewacin Ingila. A mako na uku na Satumba za su fara karatu. Mahaifinsa ya rasu, ni ne zan ɗauki nauyin karatun, ga shi yanzu muna farkon Mayu.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kowa da tasa maganar. Wani ya ce biza mako uku ce kacal, kada mu tayar da hankalinmu sai Agusta. Wani ya ce ya san waɗanda suka yi wata uku suna jira har makaranta ta rufe rajista. Wanne ne gaskiya? Sannan wannan kuɗin gaggawa da ake biya, yana aiki kuwa, ko asara ce? Na uku, duk shekara sai mun ji ana kukan takardu sun taru a ofisoshin jakadanci. Me gwamnatocin ƙasashen suke yi idan haka ta faru, kuma ita tamu gwamnatin ba ta da bakin magana ne? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Malam na Tudun Wada

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Allah ya jiƙan mahaifinsa, kai kuma ya saka maka da alheri.

Mai cewa mako uku da mai cewa wata uku duk ba su yi maka ƙarya ba, abin da suke ƙirgawa ne ya bambanta. Ƙa'idar da hukumar biza ta Birtaniya, UKVI, ta gindaya wa kanta ita ce ta yanke hukunci kan bizar karatu cikin mako uku, ma'ana ranakun aiki 15. Amma agogon ba ya fara bugawa ranar da yaro ya cika fom a intanet. Sai ranar da ya je cibiyar karɓar takardu aka ɗauki yatsunsa da hotonsa. Ga mutanen Kaduna, Abuja ce mafi kusa, kuma tun ƙarshen 2024 kamfanin VFS Global ne ke riƙe da cibiyoyin. Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi, haka ranakun hutun Birtaniya, kuma akwai guda ɗaya a Litinin ɗin ƙarshe ta Agusta, daidai lokacin da cunkoso ya fi yawa.

Wata ukun da ake faɗa kuwa, mafi yawansa kafin a kai ga wannan ranar yake ƙarewa. Layi ne a bayan layi, kuma kowanne sai na gabansa ya motsa yake motsawa.

Tunda ka ce injiniya ne, abu na farko da za ku duba yau ɗin nan, ba gobe ba, shi ne takardar gurbin da jami'a ta aiko. Ku nemi kalmar ATAS. Wata takardar izini ce da ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ke bayarwa ga ɗaliban wasu fannonin kimiyya da injiniya a matakin digiri na biyu da na uku, kuma ɗan Najeriya ba ya cikin waɗanda aka ɗauke wa ita. Ba kowane kwas ne ke buƙatarta ba, jami'a ce za ta faɗa, ita ce kuma za ta ba shi lambar fannin da zai shigar a fom. Kyauta ce, ba a biyan ko sisi. Matsalarta lokaci: ranakun aiki 30 ne mafi ƙaranci, wato mako shida, kuma tsakanin Afrilu da Satumba takan wuce haka. Ba ta da layin gaggawa, ko nawa za ka biya. Jami'a kuma galibi ba ta sakin CAS, wato lambar tabbatar da gurbin ɗalibi, sai ta gan ta. Wanda ya bari sai Yuli ya nema, ya riga ya makara.

Na biyu gwajin tarin fuka. Duk wanda zai zauna a Birtaniya fiye da wata shida daga Najeriya sai ya yi shi, kuma a asibitin da suka amince da shi kawai, irin na hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, a Abuja da Legas. Hoton ƙirji daga wani asibiti a nan Kaduna, komai girmansa, ba ya karɓuwa. Idan hoton ya fita fes, takarda ba ta ɗaukar lokaci, kuma tana aiki wata shida. Idan kuwa likita ya ga wani tabo, ko da tsohon ciwon da ya warke tun yarinta ne, sai a ce ya kawo kaki safiya uku a jere, a shuka shi a ɗakin gwaji, sakamako ya kai mako takwas. Shi ya sa nake cewa a yi gwajin a farkon Yuni. In an dace, takardar tana nan da ranta har Disamba. In an faɗa layin kaki, farkon Agusta an fita, da sauran dama.

Na uku CAS ɗin kanta. Lamba ce da jami'a ke bayarwa, ba a iya cika fom ɗin biza sai da ita. Kafin a ba da ita sai an biya kafin alƙalamin kuɗin makaranta, wasu jami'o'in ma sai sun yi wa ɗalibi tambayoyi ta bidiyo sun kuma duba takardar bankinsa. Ofishin da ke wannan aiki a jami'a mutane ƙalilan ne, a Yuli da Agusta kuma dubban ɗalibai daga Najeriya da Indiya da Pakistan da Sin ke kansu. Wata shida take aiki, sau ɗaya ake amfani da ita. Doka ta yarda a nemi biza tun saura wata shida a fara karatu, amma kaɗan ne ke cin wannan moriyar saboda CAS ba ta fito ba.

To idan ka ƙirga da baya daga mako na uku na Satumba: ana so a ɗauki yatsunsa kafin Yuli ya ƙare, kuɗi su zauna a asusu tun tsakiyar Yuni, gwajin ƙirji a farkon Yuni, ATAS a wannan makon. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abu da ke ɓata wa yara lokaci a banza: imel. Idan aka je kafe ko wajen ejan aka cika fom, sau da yawa adireshin imel ɗin mai shagon ake sakawa. UKVI kuwa ta imel take neman ƙarin takarda, ta imel take kiran ɗalibi intabiyu, kuma da wa'adin kwanaki take bayarwa. Saƙon yana can cikin akwatin wani, ko ya faɗa cikin tarkacen saƙonni, yaro yana gida yana cewa biza ta yi jinkiri. Imel ɗinsa da lambar wayarsa za a saka, ya riƙa dubawa safe da yamma.

Maman Sadik, Malali

Malam ya gama da lissafin kwanaki, bari in taɓa tambayarka ta uku Baban Ummi, don ita ce mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta.

Biza ikon ƙasar da za a shiga ne. Babu ministan Najeriya da zai ɗaga waya ya ce wa jami'in biza na wata ƙasa ya sa hannu a takardar wane. Abin da gwamnati ke iya yi shi ne zama a teburi, da kuma ba ni gishiri in ba ka manda. Dubi abin da ya faru da Daular Larabawa. A Oktoban 2022 suka daina ba 'yan Najeriya biza, ga rikicin kuɗin kamfanin Emirates da suka maƙale a nan. Shugaba Tinubu ya je Abu Dabi a Satumban 2023, aka sanar cewa an daidaita, 'yan kasuwarmu masu sarin kaya a Dubai suka fara murna. Ba a koma bayar da bizar ba sai 15 ga Yulin 2024. Wata goma tsakanin sanarwa da aiki, kuma wannan magana ce ta shugaba da shugaba.

Su kuma ƙasashen, idan takardu suka taru musu, in ka lura hanyoyinsu ba su da yawa. Wani lokaci su ƙara ma'aikata. Kanada ta yi haka a 2022, lokacin da takardun da ke jira a ma'aikatar shige da ficenta suka kai kusan miliyan 2.7, ministan lokacin Sean Fraser ya sanar da ɗaukar ma'aikata 1,250. Wani lokaci su rage aikin da ke kan kowace takarda. Amurka bayan korona ta faɗaɗa damar sabunta biza ba tare da intabiyu ba, sannan a Maris ɗin 2023 ta mayar da bizar ziyara ta 'yan Najeriya shekara biyar maimakon biyu. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai, don wanda ka ba shekara biyar ba zai dawo maka layi ba sai bayan shekara biyar.

Amma hanyar da suka fi bi a 'yan shekarun nan ita ce rage masu shigowa layin tun daga ƙofa. Kanada ta sa iyaka kan yawan takardun izinin karatu a Janairun 2024, ta ninka kuɗin da ɗalibi zai nuna daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, a Nuwamban shekarar kuma ta rufe tsarin gaggawa na musamman da ta yi wa ɗaliban Najeriya. Birtaniya daga 1 ga Janairun 2024 ta hana mafi yawan masu digiri na biyu tafiya da iyalansu. Amurka a Yulin 2025 ta dawo da yawancin bizar 'yan Najeriya wata uku, shiga ɗaya, sannan a Disambar shekarar aka sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa bizar ziyara da ta karatu daga farkon 2026. Idan aka yi haka alƙaluma sai su yi kyau, a ce an rage cunkoso. An rage kam, tunda an sallami rabin layin tun kafin su zauna a benci.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: layi yana da uban gida. A Maris ɗin 2022, bayan yaƙin Yukren ya ɓarke, Birtaniya ta kwashi ma'aikata ta mayar kan takardun 'yan gudun hijirar can, ta dakatar da layin gaggawa na karatu da aiki da iyali, bizar miji da mata kuma daga baya ta tashi daga mako 12 ta koma 24. Matar da ke Kabala tana jiran ta tare gidan mijinta a Landan ba ta yi laifin komai ba, wani rikici ne a wata nahiya ya tura ta baya. Haka a ƙarshen Mayun 2025 Amurka ta tsayar da ba ɗalibai sabbin ranakun intabiyu na kusan mako uku don ta shigo da binciken shafukan sada zumunta. Irin wannan ba ya sallama kafin ya zo. Abin da ya rage wa mai nema shi ne ya bar wa kansa rarar makonni.

Baban Ummi, Unguwar Dosa

Malam, Hajiya, Allah ya ƙara ilimi. Mun duba takardar, lallai akwai ATAS a jiki, yau zai cika. Maganar kuɗi kuma da sauƙi in sha Allah, suna nan a asusuna na kasuwanci, sai dai in ciro masa takardar banki in haɗa da wasiƙar cewa ni ne baffansa. Saura batun kuɗin gaggawa.

Ma'aikacin Banki, Barnawa

Alhaji, tsaya tukuna, a nan ne za a yi ɓarin. Asusunka ba zai yi ba. Dokar bizar karatu ta Birtaniya ba ta san baffa ba, ba ta san kawu ko yaya ba. Asusun ɗalibin kansa take karɓa, ko na mahaifi ko mahaifiya, ko na wanda kotu ta ba riƙonsa a hukumance. Asusun kamfani ma ba ya shiga, ko da na uban ne. Mu a nan ɗan ɗan'uwanka ɗanka ne, su kuwa takardar haihuwa suke dubawa. Mafi sauƙi ka tura kuɗin asusun yaron. In na mahaifiyarsa za a yi amfani da shi, sai an haɗa da takardar haihuwarsa mai ɗauke da sunanta da wasiƙar amincewarta. Ka ajiye rasit ɗin turawar da 'yar gajeriyar wasiƙa cewa kyauta ce daga gare ka, ko da za a tambaye shi asalin kuɗin a intabiyu.

Yawan kuɗin kuma lissafi ne, ba a yi masa kintace. Ragowar kuɗin makarantar shekarar farko kamar yadda aka rubuta a CAS, a haɗa da kuɗin zama na wata tara. Daga Nuwamban 2025 kuɗin zaman fam 1,171 ne a wata a wajen Landan, wato 10,539, a Landan kuma 1,529 a wata. Misali makaranta fam 16,000 ce, kun biya 5,000, saura 11,000. A haɗa da 10,539, ya zama fam 21,539. Ku tabbata CAS ta nuna dubu biyar ɗin da aka biya. In ba ta nuna ba, ku sa jami'a ta gyara kafin a cika fom, don abin da ke rubuce a can shi jami'i zai bi. Ku kuma leƙa shafin gwamnatinsu ranar da za ku lissafa, tunda sau biyu suka ƙara wannan kuɗin a cikin 2025 kaɗai.

Sai kwana 28. Dole kuɗin su kwana 28 a jere ba su sauka ƙasa da adadin ba ko da na yini ɗaya, kuma ranar ƙarshe ta takardar bankin kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da aka biya kuɗin biza a intanet. Abin da ke kayar da mutane a nan ƙananan abubuwa ne. An zuba kuɗi cif-cif, banki ya cire kuɗin saƙon waya ko na kula da kati, naira ɗari biyu ta rushe komai, sai a koma rana ta ɗaya. Ko kuma canji. Da farashin shafin canjin kuɗi na OANDA na ranar da aka nemi bizar ake juya naira zuwa fam, ba da farashin ranar da aka zuba kuɗin ba. Wanda ya ga Yunin 2023, da dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, ya san abin da nake nufi. Ku ɗora aƙalla kashi goma cikin ɗari a kai, ko ku ajiye su a asusun kuɗin waje. Kuma asusun ya zama wanda ake iya cire kuɗi nan take, a bankin da za a iya tuntuɓa ya tabbatar, don sukan rubuto wa banki su tambaya. Reshen da ya bar wasiƙar a tire mako biyu, shi ma ya ƙara muku mako biyu. Ba laifi yaron ya gaya wa mai kula da asusunsa cewa ana iya tambaya.

Masu ba da hayar kuɗi a nuna na wata ɗaya, da masu gyara takardar banki a kwamfuta, ku yi nesa da su. Takardar jabu tana jawo haramcin shekara 10.

Ban da waɗannan akwai kuɗin bizar, wanda a 2025, daga Afrilu, fam 524 ne, da kuɗin lafiya fam 776 a shekara. Kwas na wata 12 akan ba shi biza mai ƙarin watanni, don haka kuɗin lafiyar na shekara ɗaya da rabi ake caja, fam 1,164. Da kati ake biya, ku gwada katin tun da wuri ku ga iyakar abin da yake iya fitarwa.

Kuɗin gaggawa fam 500 ne, hukunci cikin ranakun aiki biyar. Yana aiki, amma ka san abin da ka saya: an ɗauko takardarka daga ƙasa an ɗora a sama, shi ke nan. Idan jami'i ya buɗe ya ga sai ya tambayi banki, ko sai ya kira intabiyu, kwana biyar ta tashi, kuma ba lallai a mayar maka da kuɗinka ba. A ganina wanda aka ɗauki yatsunsa a Yuli ba ya buƙatarsa. Wanda ya kai tsakiyar Agusta ya biya kawai, fam 500 ta fi asarar zango. Sai dai guraben suna da iyaka, a lokacin cunkoso sukan ƙare.

Ɗan Kawo

Hajiya Maman Sadik, ki yi haƙuri, ban yarda gwamnatinmu ta fita da hannu wanke ba. Gaskiya ne ba ta da iko a kan jami'in biza na waje, amma kafin takarda ta isa gabansa ta bi ta ofisoshinmu uku ko huɗu, kuma a nan gida take fara tsufa.

Fasfo shi ne babba. A Mayun 2021 sai da hukumar shige da fice ta dakatar da karɓar sabbin buƙatu na wasu makonni don ta rage waɗanda suka taru, ga ƙarancin littafin fasfo da ake bugowa daga waje. Daga nan aka sa ƙa'idar mako shida ga sabo, uku ga sabuntawa. A 2023 da Olubunmi Tunji-Ojo ya zama ministan cikin gida ya tarar da fasfo 204,332 a jibge, aka ce an share su cikin kusan mako uku. Abin a yaba ne, amma ni tambayar da take zo mini ita ce: in mako uku ya isa, me ya hana tun farko? Ga kuma fom A na biyan kuɗin makaranta ta banki, wanda a 2022 da 2023 yakan yi watanni bai fita ba, CAS tana can tana jiran kuɗi. Duk wannan namu ne.

Baban Ummi, ba ka ce komai kan fasfon yaron ba. Ku shimfiɗa takardu huɗu a kan tabarma ɗaya: fasfo, takardar NIN, sakamakon WAEC ko NECO, da shaidar digiri. Ku karanta sunan harafi bayan harafi. Mu 'yan Arewa a nan muke shan wahala. Muhammad a wannan, Mohammed a wancan, Moh'd a na uku. A wata takardar sunan uba ne a ƙarshe, a wata sunan gari, a wata na kaka. Ranar haihuwa kuma an sa 1 ga Janairu a firamare, an sa wata daban a wajen rajistar NIN. Tun da aka ɗaure fasfo da NIN, in bayanan biyu suka saɓa, na'ura ba ta wucewa da buƙatar, sai an je an gyara a hukumar katin ɗan ƙasa, sannan a jira gyaran ya hau. Gyaran ranar haihuwa ya fi na suna tsada da cin lokaci. In bambancin tsakanin fasfo da takardun makaranta ne kawai, takardar rantsuwa ta kotu takan wadatar da jami'a, amma a tura mata tun kafin ta rubuta CAS, don sunan da ke CAS dole ya zama na fasfo sak.

In fasfon ya kusa ƙarewa, a sabunta yanzu, kafin ATAS ma in da hali, tunda lambarsa tana shiga kowace takarda. Daga Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma 200,000. A intanet ake cikawa a biya, ba sai an ba wani a bakin ƙofa ba.

Maman Sadik, Malali

Ɗan Kawo, na karɓi gyara, ban ce ta wanke ba. Amma a faɗi wanda ta yi: tun Mayun 2025 ta mayar da bizar shigowa Najeriya ta intanet, da alƙawarin sa'a 48, kuma irin wannan ne ke ba ta bakin cewa wasu su sassauta mana. Ko za su ji, wannan kuma daban.

Malam na Tudun Wada

Ɗan Kawo ya tuna mini, in fasfon yana da sauran shekara biyu ko fiye kada a taɓa shi, a cika ATAS yau kamar yadda aka yi niyya.

Ranar zuwa Abuja, kada a karɓi layin ƙarfe takwas ko tara na safe da niyyar tasowa daga Kaduna a ranar. Jirgin Rigasa a Kubwa da Idu yake sauke mutane, daga can zuwa cikin gari wata tafiyar ce, titin mota kuma kowa ya san halinsa. Ko ya kwana a can, ko ya zaɓi bayan azahar. Wanda ya rasa layinsa a Agusta yana iya yin mako kafin ya samu wani. A duba kalanda kuma, cibiyar tana rufewa ranakun hutun Najeriya, har da Mauludi. Sauƙin da aka samu shi ne tun 15 ga Yulin 2025 ɗalibai ba a manna musu biza a fasfo, ta intanet ce. Zai dawo gida da fasfonsa, in hukunci ya fito ya buɗe asusun UKVI ya ga bizar a ciki, ya tabbatar lambar fasfon da ke ciki ita ce ta hannunsa kafin ya sayi tikiti.

Idan rana ta 15 ta wuce shiru, a fara duba imel, har da akwatin tarkace. Sau da yawa akwai saƙon da ke cewa takardar tana buƙatar ƙarin bincike, ba za a cika wa'adi ba. Wannan ba ƙi ba ne, kuma ba ya faɗin ranar gamawa. Ma'aikatan cibiyar Abuja ba su san komai a kai ba, karɓa kawai suke yi, zuwa wajensu asarar kuɗin mota ne. Ana iya aika tambaya ga UKVI ta shafinsu a kan fam 2.74, amsar dai takan zama ana kan aiki. Wanda ya fi amfani shi ne ofishin ɗaliban waje na jami'ar. A jikin CAS akwai ranar ƙarshe da za a karɓi ɗalibi. A rubuta musu tun saura mako biyu, da lambar buƙatar da ranar da aka ɗauki yatsu, a roƙi su ƙara wa'adin su kuma rubuta hakan a CAS. Wasu suna ƙara mako ɗaya ko biyu, kwas mai aikin ɗakin gwaji kuwa ba kasafai ba.

Kada a janye buƙata a sake sabuwa don an gaji da jira. Bayan an ɗauki yatsu kuɗin biza ba ya dawowa, na lafiya ne kawai ke dawowa, kuma an koma ƙarshen layi. In har ta kai ga ɗage karatun zuwa Janairu, a san cewa sai an karɓi sabuwar CAS, sai an sake neman ATAS tunda ranar gama kwas ta matsa fiye da wata uku, kwana 28 na banki a sake ƙirga su daga ɗaya, takardar ƙirjin farkon Yuni kuma a shigar da sabuwar buƙata kafin farkon Disamba, in ba haka ba sai an koma Abuja an sake hoto.